Sanyin da Aka Hana Wuce Sifili

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar abokina Injiniya Ishaya. Ban taɓa rubuta komai a kansa a wannan fili ba, domin shi ba mai son a yi ta ambatonsa ba ne, ni kuma ba na cikin masu yabon gawa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu shi ne wani biki da aka gayyace ni a watan jiya, inda na zauna a kujerar roba ina kallon mutanen da suka kore shi daga aiki suna share hawayen da ba su zubo ba. Tun da na dawo gida abin yake cina, har uwargida ta ce in ban faɗa wa wani ba zan kwanta ciwo. To ga shi na zo in faɗa muku.

Ishaya ɗan kudancin jihar nan ne, amma a Kaduna ya girma. Benci ɗaya muka zauna a sakandare. Ni na tsaya a koyar da lissafi har na yi ritaya, shi ya wuce ya karanci lantarki da kwamfuta, a zamanin da yawancinmu ba mu san kwamfuta ba sai a hoto. Ina Unguwar Sanusi, yana Narayi, lokacin da sai ka ratsa gonakin masara kafin ka isa ƙofar gidansa. Ran Asabar nakan hau babur in je, matarsa Rifkatu, wata nas da kowa ke kira Maman Godiya, ta kawo mana gwaten acca mu sha muna gardama. Yana ce mini Malam Lissafi, ina ce masa Mai Waya. Kada ku ɗauka waliyyi ne. Yana da taurin kai, yana da saurin fushi, kuma bai iya gaishe da manya ba. In ya durƙusa wa babban mutum sai ka rantse ƙafarsa ce ke ciwo.

Labarin ya faru ne a shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki. Waɗanda suka ga lokacin sun san yadda aka yi: da yawa daga cikin masu kaki sun tuɓe shi ne kawai suka zura babbar riga, hali kuwa zanen dutse. Ɗaya daga cikinsu wani tsohon hafsa ne, matuƙin jirgin sama, wanda ya haɗa kai da abokansa suka buɗe makarantar koyon tuƙin jirgi mai zaman kanta a wani tsohon sito a nan kudancin kogi. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan makarantar ba. Mu kira shi Ciyaman, tun da dama sunan da ya fi so ke nan. Abu ɗaya nake so ku riƙe game da shi: matuƙi ne na gaske, ya shafe shekaru yana yawo sama da gajimare.

Makarantar ta sayo wata tsohuwar na'ura daga waje, wadda ma'aikata ke kira akwati. Kan jirgi ne aka yanko aka ajiye a ɗaki, da kujera da sitiyari da allunan awo. Ɗalibi zai shiga ya zauna ya ja, ya ga kamar yana tashi alhali yana ƙasa. In ya yi kuskure ya faɗi, sai a yi masa dariya ya fito ya sha ruwa, kuma amfanin abin ke nan, a mutu sau ɗari a cikin ɗaki don kada a mutu sau ɗaya a sama. Sai dai akwatin ya zo ba ƙwaƙwalwa, wadda ke cikinsa ta daɗe da mutuwa. Duk abin da jirgi zai gamu da shi, iska da nauyi da mai da zafi da sanyi, sai an zauna an rubuta wa kwamfuta shi dalla-dalla. Wannan aikin aka ɗauki Ishaya ya yi, aka ba shi mataimaki, wani Injiniya Lawal, mutum mai laushin murya da yawan murmushi. Sama da shekara Ishaya yana kai, har ya rame.

Yanzu ga kuskuren, kuma na abokina ne, ba na kowa ba. Kwamfutar wancan zamani ba ta da wadatar wurin ajiya, saboda haka kowace lamba sai a yanka mata ɗan ɗakinta. Ɗakin da Ishaya ya yanka wa awon zafi yana da gurbi ɗari biyu da hamsin da shida. Yana da zaɓi biyu: ko ya ba da guraben duka ga lambobin da ke daga sifili zuwa sama, ko ya raba su gida biyu, rabi sama da sifili, rabi ƙasa da shi, wato lambobin da ake sa wa alamar ɗebewa a gaba. Ya ɗauki na farko ko tsayawa tunani bai yi ba. Ɗan Kaduna ne. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa tsayawa a inda ruwa ke daskarewa da kansa ba. A littafi ya san cewa duk yadda ka ƙara nisa a sama sanyi ƙaruwa yake, amma hannunsa ya rubuta abin da jikinsa ya sani. Duk waɗanda suka duba aikin a bayansa su ma 'yan nan ne, ba wanda abin ya tsone wa ido. Gwajin da aka yi ta yi kuma bai wuce tashi, zagaya fili, sauka ba, domin da shi ake fara koyar da ɗalibi.

Ana saura 'yan makonni bikin buɗe makarantar, wata Juma'a da yamma, Ishaya ya ga dama ya hau da akwatin can sama don nishaɗi. Yana hawa, lambar zafi tana sauka yadda ya kamata, ashirin, goma, biyar, ɗaya, sifili. Sai kawai ta yi tsalle ta koma ɗari biyu da hamsin da biyar. Injin da ke cikin kwamfutar aka gaya masa iskar waje ta fi murhun biredi zafi, nan take ƙarfinsa ya tafi, jirgin ya karkata ya yi ƙasa.

Washegari na same shi zaune a gindin mangwaron gidansa da rediyo mai kaset a cinya, gwatensa ya huce bai taɓa ba. Ya ce, "Malam Lissafi, zo ka ga abin kunya." Kun tuna 'yan lambobin nan uku da ke juyawa a jikin rakoda in kaset yana tafiya? Ya danna maɓalli suka koma sifili uku, sannan ya mayar da kaset ɗin baya kaɗan. Sai ga tara uku sun fito.

Ya ce, "Ka gani? Bai san akwai wani abu a bayan ziro ba, sai ya zagayo ta ɗaya ƙarshen. Abin da na gina ke nan. Shekara guda ina zaune ina gina rakoda."

Na ce to ai da sauƙi, ya ƙara alamar ɗebewa mana. Ya kalle ni irin kallon da nake yi wa ɗalibin da ya ce ɗaya bisa biyu da ɗaya bisa uku sun ba da biyu bisa biyar. Ya ce lambar nan ba a wuri ɗaya take zaune ba. Sashen inji yana karanta ta, sashen fukafukai yana karanta ta, haka allon awo, haka sashen da ke sa ƙanƙara ta taru a jikin jirgi. Kowane sai an koma an sake koya masa cewa rabin guraben nan yanzu na ƙasa da sifili ne, sannan a sake gwada komai daga farko. Aikin kamar wata biyu ne in ba a so a yi ha'inci. Na ce masa ya je ya faɗa wa Ciyaman, ai matuƙi ne, ba wanda zai fi shi ganewa.

Ran Litinin ya je, ya kuma fara da cewa laifinsa ne. Yadda ya ba ni labari, Ciyaman ya saurara har ƙarshe yana wasa da makullin mota, sannan ya ce, "Injiniya, wa zai hau da Mai Girma can ƙololuwa? Zai tashi, ya zagaya, ya sauka, a tafa, shi ke nan." An riga an gayyato wani babba daga cikin sababbin 'yan siyasa, an riga an gaya wa masu hannun jari cewa akwati ya kammala. Nan ne Lawal ya yi gyaran murya ya ce akwai hanya mai sauƙi, layi ɗaya tak za a ƙara: duk lokacin da lambar ta so ta sauka ƙasa da sifili, a riƙe ta a sifili. Ba tsalle, ba faɗuwa, ba wanda zai ga komai.

Ishaya ya ce in aka yi haka, ƙanƙara ba za ta taɓa taruwa a fiffiken jirgin cikin akwati ba, domin sashen da ke kawo ta yana jiran lambar ta wuce sifili ne. Ɗalibi zai yi ta ratsa gajimaren damina a cikin ɗaki lafiya lau, ya karɓi takardarsa, ya tafi bai taɓa jin yadda jirgi ke yin nauyi a hannu ba, bai taɓa miƙa yatsa ya kunna abin narkar da ƙanƙara ba. Ya ce, "Yallaɓai, kai ka san abin da ƙanƙara ke yi wa fiffike."

Ciyaman ya ce, "Na sani. Na fi ka sani. Bayan biki sai a gyara."

"Yallaɓai, a ƙasar nan me aka taɓa gyarawa bayan biki?"

Ya ma kawo musu mafita. Ya ce a yi bikin, a buɗe akwatin, amma a faɗa a fili cewa na koyon tashi da sauka ne kawai har zuwa lokacin da za a gama gyara. Ciyaman ya ce shi bai tara manyan mutane don ya gaya musu kayansa rabi ne ba, a bar kaza cikin gashinta. Ishaya ya ce to shi hannunsa ba zai rubuta wannan layin ba.

A nan rainina yake, kuma shekarun da suka wuce ba su rage shi ba. Da Ciyaman wani ɗan kasuwa ne da bai san sama ba sai daga tagar jirgin Hajji, da na yi masa uzuri, domin jahilci ciwo ne mai magani. Amma wannan mutum ya taɓa zama a gaban jirgi yana kallon ƙanƙara tana hawa fiffike, ya san yadda zuciya ke bugawa a wannan lokaci. Ya san komai, ya auna 'ya'yan mutane a hannu ɗaya da tafin rana ɗaya a ɗaya hannun, tafi ya rinjaya. Lawal kuwa ban ma san inda zan ajiye shi ba. Ya karanta abin da Ishaya ya karanta, ya fahimci abin da Ishaya ya fahimta, iliminsa duka ya tattara shi ya sayi kujerar maigidansa da shi. Ana cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade, amma a wannan fada kowa ya samu daidai da shi.

An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, sai dai a wurinsu ya zama. Kafin mako ya ƙare an sallami Ishaya. Labarin da aka baza shi ne wai babban injiniya ya tafka kuskuren da ya kusa rusa aikin, mataimakinsa ya ceto shi a yini ɗaya. Abin da ya fi ƙona rai shi ne, in ka ɗauki kalmomin ɗaya bayan ɗaya ba ka iya cewa ƙarya ne. Masu irin wannan sana'a a lokacin ba su da yawa, kowa ya san kowa, saboda haka duk ƙofar da ya ƙwanƙwasa labarin ya riga shi isa. Ya zama "injiniyan nan da bai san akwai sanyi a sama ba". Mutumin da ya gano kuskuren, ya faɗa da bakinsa, ya kawo gyaransa, shi aka liƙa wa sunan wawa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma ya dake shi har ƙashi.

Na halarci bikin buɗewar, domin an riga an ba ni katin gayyata tun kafin rigimar, Ishaya kuma ya ce in je in gano masa. Mai Girma ya zo a makare da jiniya. Babbar rigarsa ta ƙi shiga akwati, sai da mutum biyu suka naɗe masa hannuwanta suka tura shi ciki. Malamin tuƙi ya riƙe sitiyari ta gefe, aka tashi, aka zagaya, aka sauka, aka tafa, daidai yadda Ciyaman ya faɗa. Sannan aka yi jawabai a kan sabon zamani, wai mulkin rufa-rufa ya wuce, yanzu lokacin gaskiya da riƙon amana ne. Lawal yana layin gaba yana gyaɗa kai. Na ci shinkafarsu, ba zan ɓoye ba, amma ban taɓa cin abinci marar daɗi kamarta ba.

Taurin kan Ishaya bai bar shi ya huta ba. A gida, a kan tsohuwar kwamfutarsa, ya zauna ya gama gyaran cikin wata biyun da ya ce, ba wanda ya sa shi, ba wanda zai biya shi. Ya zuba shi a faifai ya kai makarantar da kansa. A bakin get aka tsayar da shi, aka ce an ba da umarni kada ya shiga. Ya bar faifan a hannun masu gadi ya juyo. Ba a taɓa kiransa ba, kuma dalilin a bayyane yake: sa gyaran yana nufin amsa cewa akwai abin gyarawa, su kuwa sun riga sun sha tafi a kan cewa babu.

Daga nan ya buɗe ɗan shagon koyar da kwamfuta a Narayi. Maman Godiya ta sayi firiza tana yin ƙanƙara da zoɓo bayan ta taso daga asibiti, don a rufa wa gida asiri. Ishaya ya sayo ma'aunin zafi ya jefa cikin firizar, kuma duk wanda ya zo koyon rubuta furogiram a wurinsa, darasin farko ba a gaban kwamfuta ake yi ba. Sai ya nuna masa rakoda, sannan ya ja shi bayan gida ya buɗe firiza ya ce ya karanta. Bayan haka duk abin da ɗalibi ya rubuta, tambayarsa ɗaya ce, "In lambar ta sauka ƙasa da ziro fa?" Har tsokanarsa ake yi da ita a unguwa. Shekara biyar bayan korarsa ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya tafi. Ba zan ce su suka kashe shi ba, rai na Allah ne, mutuwa kuma rigar kowa. Ba kuma zan ce wani jirgi ya faɗi saboda layin Lawal ba, ban sani ba, kuma ba zan yi wa mai gaskiya hidima da ƙarya ba. Abin da na sani shi ne har a gadon asibiti ya tambaye ni ko na ji an gyara.

Nakan zauna in tambayi kaina, da zai dawo yau me zai ce? Na tabbata zai yi murna da yaran yanzu, waɗanda ke zaune a Mahuta da Narayi suna rubuta manhaja a kwamfutar cinya. Wayar da ke aljihun jikata ta fi duk kwamfutocin makarantar nan ƙarfi, ƙuncin wurin ajiya da ya jefa shi cikin kuskure ya zama tarihi. Amma ba na jin murnar za ta daɗe in ya waiga ya ga yadda layin Lawal ya yi 'ya'ya da jikoki. Na koyar a aji har na tsufa, na ga lokacin da aka fara raɗa mana cewa kada sakamakon yaro ya sauka ƙasa da kaza, iyaye ba sa so. Na ga rahotannin da ke tashi daga ƙasa da ja, su isa teburin oga sun yi fari tas. Mun zama mutanen da duk abin da ya doshi ƙasa sai mu riƙe shi a sifili kafin babba ya gani, sannan mu yi mamaki in nauyi ya kayar da mu. Ina jin da ya ga haka ba zai yi dogon jawabi ba, tsaki zai ja ya koma wurin rakodarsa.

Mu dawo kan bikin watan jiya. Makarantar tana hannun 'ya'yan Ciyaman yanzu, sun sayo sababbin na'urori, tsohon akwati an daɗe da jingine shi. To sai yayin alfahari da kayan gida ya zo, kowa yana neman abin da zai nuna ya ce mu muka ƙera. Sai aka tuna akwai akwatin da ɗan ƙasa ya rubuta wa ƙwaƙwalwa. Aka kakkaɓe shi, aka yi masa fenti, aka tayar da shi, aka yanke shawarar sa wa ɗakin suna Zauren Injiniya Ishaya. Matacce ya fi daɗin karramawa, domin ba ya tashi ya ce ba haka aka yi ba. Maman Godiya ce ta kira ni a waya ta ce, "Malam, sun aiko wai za su girmama abokinka. Zo ka raka ni, kada in je ni kaɗai in yi abin da ba shi ke nan ba."

Ciyaman ya tsufa, yana dogara sanda, an kuma ƙara masa sarauta a gaban suna. Ya tashi ya ce Ishaya ɗansa ne, shi ya gano shi, shi ya ba shi dama lokacin da ba wanda ya yarda ɗan Kaduna zai iya. Ya ciro hankici. Lawal, wanda yanzu sai an jero muƙamai uku kafin a kai ga sunansa, yana layin gaba yana gyaɗa kai kamar yadda na bar shi. An ɗora allon tagulla mai sunan Ishaya a kan wani teburi an lulluɓe shi da ƙyalle, an kuma haɗa allunan awon akwatin da babban majigi don jama'a su gani. Aka kira matar marigayi ta yaye ƙyallen.

Ta tashi a hankali, gwiwa ta fara ba ta wahala. Ta karɓi makirufo ta ce, "Na gode. Amma abeg, kafin in buɗe, ku hau da shi sama in gani. Ni ban taɓa ganin aikin maigidana ba."

Jama'a suka tafa, sun ɗauka shauƙi ne. Wata malamar tuƙi daga cikin ma'aikatan yanzu, wadda ba ta san komai game da tsohon zance ba, ta shiga ta zauna ta tayar da jirgi. Maman Godiya ta ce ta ci gaba da hawa. Na zuba wa lambar ido a majigi. Ashirin, goma, biyar, ɗaya, sifili. Jirgi ya ci gaba da hawa, ya shiga gajimare, ya fito ta samansa, lamba tana nan a sifili ko motsi ba ta yi. Malamar ta ƙwanƙwasa allon da yatsa, ta leƙo ta ce, "Sa, wannan ba daidai ba ne fa. A wannan tsayin ya kamata a ce ya wuce ziro tuntuni."

Ciyaman ya yi 'yar dariya ya ce tsohuwar na'ura ce, sai haƙuri. Lawal ya sami abin dubawa a wayarsa.

Maman Godiya ta ce, "Ba tsufa ba ne, Yallaɓai. Maigidana ya yi kuskure, ya faɗa da bakinsa, ya gyara, ya kawo muku har get. Wannan da ke kan allo ba kuskurensa ba ne. Ƙarya ce, kuma mai ita yana zaune a nan. Ba za ku rataya sunansa a kanta ba." Ta ajiye makirufo, ta ɗauki allon tagullar da ƙyallensa duka ta rungume, ta nufi ƙofa. Ba wanda ya iya tare ta. Ni kuwa na ɗauki jakarta na bi ta a baya, kuma tun da na yi ritaya ban yi aikin da ya kai wannan daɗi ba.

To me ya rage na Ishaya bayan shekara ashirin? Ba shi da zaure, ba shi da titi, shagonsa ma yanzu ana sayar da katin waya a ciki. Sunan wawa da aka liƙa masa ya bi shi har kabari, waɗanda suka liƙa masa kuma sun tsufa cikin rufin asiri da manyan motoci, ba zan yaudare ku da cewa duniya ta yi masa adalci ba. Abin da ya rage kaɗan ne. Akwai mutane warwatse a garin nan da wajensa, wasu sun fara furfura, waɗanda in sun zauna rubuta wa kwamfuta lamba sai sun ji wata murya tana tambayarsu in ta sauka ƙasa fa. Akwai kuma misalin mutumin da ya fi son a kira shi mai kuskure da a ce ya rubuta layi ɗaya na ƙarya. Ni a wurina wannan ya fi tagulla nauyi. Allah ya sa ya huta.

An aiko wa Maman Godiya manzanni har sau biyu a kan ta mayar da allon, ta ce kwafin faifan yana nan a ajiye, ranar da suka shirya barin lambar ta wuce sifili su zo su ɗauki duka biyun. Har yau ba su zo ba. Na je gaishe ta a makon jiya, na tarar da allon a bayan gida, an jingine shi da firiza. Ba tsohuwar firizar ba ce, wannan ta uku ce, amma ma'aunin Ishaya ne a ciki, duk firizar da ta saya sai ta mayar da shi. An yi sa'a da wuta a ranar. Ta ɗaga murfin ta ce, "Malam Lissafi, karanta." Na goge raɓar da ke kan gilashin da babban yatsa, na sa tabarau. Jan layin ya sauka can ƙasa da sifili, kuma 'yar alamar ɗebewa tana nan a gaban lambar, ba wanda ya goge ta.